Shin ƙwayar cuta koyon jure magani take yi?

Ka tambaya ko ƙwayoyin cuta koyon jure magani suke yi. A'a, ba koyo ba ne. Tun kafin a sha maganin akwai bambancin gado a tsakaninsu, wanda kan taso idan an samu kuskure wajen kwafar ƙwayoyin gado. Magani ya kashe marasa juriya, 'yan tsirarun da suka tsira su hayayyafa, zuriyarsu ta gaji juriyar. Wannan ne zaɓin yanayi da masanan kimiyya Darwin da Wallace suka bayyana a 1858.

Game da maganin kashe ƙwayoyin cuta, mutane kan ce "jikina ya saba da maganin", kuma wannan kuskure yana damuna. Ba jikinka ne ya canza ba, ƙwayoyin cutar ne. Idan magani ya daina yi maka aiki, kada ka ƙara yawansa da kanka, je wurin likita a yi maka gwaji.