Sun ce in ajiye aiki in dawo a matsayin ɗan kwangila, in sa hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Shekarata shida ina aikin lissafi a wani kamfani. Makon jiya aka kira mu aka ce kowa ya rubuta takardar ajiye aiki, a sake ɗaukarsa a matsayin ɗan kwangila mai zaman kansa, da ƙarin kashi 25 cikin 100 a kan abin da yake karɓa. Teburina, lokacin zuwana da shugabana duk ba za su canja ba. An ba mu zuwa ƙarshen wata. Abokaina suna cewa dama ce ta zama ubangidan kaina, ni kuwa barci ya ƙaurace min, domin maiɗakina na da juna biyu. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fargabarka tana kan hanya. Kada ka rubuta takardar nan tukuna. Ita ce abin da suke nema, ba sabuwar yarjejeniyar ba, domin a dokokin ƙasashe da yawa wanda ya ajiye aiki da kansa ya yafe kuɗin sallama da damar ƙorafin kora ba bisa ƙa'ida ba. Shekara shidan da ka tara suna iya tafiya a layi biyu na rubutun hannunka.

Lissafin kuɗin ba zai ɗauke ka dogon lokaci ba, tunda sana'arka ce. Wata guda na hutu ba biya ya cinye kusan kashi 8 cikin 100 na kuɗin shekara. Ɗora kason fansho da kamfani ke zuba maka, da inshorar lafiyar iyali, da ranakun jinya, da kwamfuta da intanet idan suka dawo wuyanka. A Amurka, alal misali, ma'aikaci na biyan kashi 7.65 na harajin tsaron rayuwa da lafiyar tsofaffi, kamfani ya biya daidai wannan, amma mai zaman kansa shi kaɗai ke ɗaukar kashi 15.3. Ka yi irin wannan lissafin da dokar inda kake, ka ga abin da ya rage daga kashi 25 ɗin.

Amma abin da ke cin raina shi ne maganar abokanka. Kullum sai na ji ta a ofis, har na gaji: wai da zarar takarda ta kira mutum ɗan kwangila, shi ke nan ya zama mai cin gashin kansa. Masu wa'azin arziki a intanet sun cika wa matasa kunne da "zama ubangidan kanka", ba tare da sun taɓa buɗe dokar ƙwadago ba. Ubangidan kansa shi ne wanda zai ce yau ba zan yi ba, wanda ke yanka farashinsa, yake da abokan hulɗa uku ko biyar, yake iya tura yaronsa ya yi aikin a madadinsa, kuma idan ya yi dabara ribar tasa ce. A cikin waɗannan wanne aka ba ka? Za ka zo ƙarfe takwas, ka zauna inda ka saba, ka nemi izini kafin ka kai maiɗakinka awo. Sunan kawai aka canja, aka zare haƙƙin da ke biye da tsohon sunan.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne. A 2006 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da shawara mai lamba 198, wadda ta ce a duba zahirin yadda ake aikin da yadda ake biya, ko da takarda ta kira dangantakar da wani suna. Ta lissafa alamomi: wa ke ba da umarni, wa ke tsara lokaci, kayan aikin na waye, shin dole kai da kanka za ka yi, shin nan ne kaɗai abincinka ke fitowa. Shawara ce, ba ta tilasta wa kowace ƙasa, amma kotuna da dama a kan wannan turba suke. A watan Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa direbobin Uber ba masu zaman kansu ba ne, sun cancanci mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya, domin kamfanin ne ke yanka kuɗin tafiya, yake tsara sharuɗɗa, yake hukunta wanda ya yawaita ƙin ɗaukar fasinja. Kafin su, ma'aikatan Microsoft da suka sa hannu da kansu cewa su 'yan kwangila ne sun kai ƙara, har kamfanin ya amince da biyan dala miliyan 97 a 2000.

To amma kada wannan ya ruɗe ka ka ce bari in sa hannu, gobe kotu ta ƙwato min. Shari'ar Microsoft tun 1992 aka fara ta. Direbobin Uber sun yi nasarar farko a 2016, suka jira har 2021. Jaririn da kuke jira zai shiga makaranta kafin nan.

Akwai wani bawan Allah da ya zo min da irin takardarka, bayan aikin gama ya gama. Ya shigo yana dogara sanda, ya ajiye wayarsa a teburina ya nuna min saƙo layi ɗaya: ba a buƙatar hidimarsa daga gobe. Hatsari ya yi a hanyar aiki, ya kwanta mako bakwai ba ko sisi, kuma sashe na tara na yarjejeniyar, wanda bai taɓa karantawa ba, ya ba su damar sallamarsa ba sanarwa. Har katin shiga ofis na rataye a wuyansa. Ya tambaye ni haƙƙinsa, na daɗe ina juya takardar kafin na iya ɗago kai.

Ban ce kwangila aibu ce ba. Ga mai ƙwarewar da ake rububi, mai abokan hulɗa da yawa da ajiyar da za ta riƙe shi watanni, hanya ce mai kyau, wasu ma ba sa son komawa albashi har abada. Amma shi ya zaɓa, shi ya yanka farashi.

Kafin ƙarshen watan, ka nemi a ba ka tayin a rubuce, ka tambaya a rubuce me zai faru da wanda ya ƙi. Ka adana kwafin takardar ɗaukarka ta asali, da takardun albashi, da duk saƙon da ke nuna ana tsara maka lokaci. Ku haɗu da abokan aikinka ku je wurin lauyan ƙwadago ko ƙungiyarku tare, domin mutum goma sun fi wuyar turewa. Idan kamfanin ya dage, ka ce su sallame ka bisa ƙa'ida su biya ka haƙƙin shekara shida, sannan a zauna a yi cinikin kwangila: farashinka, wa'adin biya, kwanakin sanarwa kafin rabuwa, da 'yancin yi wa wasu aiki. Kuma ka tabbatar da ranar da inshorar lafiyar iyalinka za ta yanke, ka gwada ta da watan haihuwa. Allah Ya sauki maiɗakinka lafiya.