Me Bature ke nufi da "mug"?

Tambaya: Malam, abokin cinikina ɗan Ingila ya rubuto mini cewa kada in zama "mug". Ni kofin shayi na sani da wannan suna. Zagina ya yi?
Mai karatu, Jos

Amsa: A'a, Alhaji, gargaɗi ya yi maka. A bakin mutanen Landan, "mug" shi ne gaulan da ake damfara cikin sauƙi, irin mai biyan kuɗi bai ga kaya ba. Amma in aka jefe ka da ita ido da ido, raini ne, don haka kada ka furta ta a ofis ko gaban babba.

Tana nufin fuska ma, shi ya sa suke kiran hoton wanda 'yan sanda suka kama "mugshot". "Mugging" kuwa ƙwace ne a titi.