Amsa ga Yaya kan koyar da sautin haruffa ga yarinyar da ta riga ta iya karatu

Yaya, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali, na ga tambayar da ka aiko, inda kake mamakin yadda ni da mai ɗakina muka duƙufa wajen neman manhajar koyar da sautin haruffa, alhali da kunnenka ka ji 'yarka ta ɗauki littafin Turanci tana karanta maka ta waya, ga shi ko shekara shida ba ta cika ba. Ka ce wanda ya riga ya haye kogi ba ya komawa neman kwalekwale. Maganarka tana kan hanya, sai dai akwai abin da ba a ji ta waya, kuma shi nake so in warware maka.

Da farko, karantar da yarinyar da muke yi a gida maimakon kai ta makaranta ba saɓa doka ba ne. A nan Ingila sashe na 7 na dokar ilimi ta 1996 ya ɗora wa iyaye nauyin tabbatar da cewa ɗansu yana samun cikakken ilimi daidai da shekarunsa da basirarsa, ko a makaranta ko ta wata hanya, kuma ba a tilasta wa mai karantar da ɗansa a gida ya bi manhajar gwamnati. Wasu iyalai daga cikin mutanenmu da suka daɗe a nan sun zaɓi hakan. Wanda ya zaɓa kuwa ya ɗauko wa kansa aikin malami da na shugaban makaranta gaba ɗaya, domin babu mai zaɓa masa littafi, babu kuma mai gaya masa inda ɗansa ya gaza.

Tushen matsalar shi ne rubutun Turanci ba ya riƙe alkawari kamar rubutun Hausa. Yaron da ya san baƙaƙe da wasula, ya iya haɗa ba, be, bi, bo, bu, to kusan duk kalmar Hausa da aka ajiye a gabansa zai furta ta, ko bai taɓa ganinta ba. Turanci yana da haruffa 26, amma sautukansa sun kai kimanin 44, saboda haka sauti ɗaya yakan zo da rubutu iri uku ko huɗu, rubutu ɗaya kuma yakan ba da sautuka dabam-dabam. Dubi rain da day da make: wasali ɗaya ne a baki, uku ne a takarda. Dubi kuma though da through da cough, waɗanda ƙarshensu ɗaya ne a takarda amma kowace da furucinta. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa yana iya tsallake duk wannan ta hanyar haddace siffar kalmomi, ya cike giɓin da hoton da ke shafin da kuma tsinkayen inda labarin ya dosa. Ka san ɗalibin da ya haddace sura tun bai ƙware a babbaƙu da farfaru ba, wanda bakinsa ke gudu yatsansa na bin allo, amma da an nuna masa kalma ɗaya a tsakiya sai ya koma farko. Irin wannan ne muka yi zargi.

Ga yadda muka tabbatar. Tun daga 2012 makarantun gwamnati a Ingila suke yi wa yaran aji ɗaya wani gwaji a watan Yuni, mai kalmomi 40, rabinsu kalmomi ne na gaske, rabi kuma ƙirƙirarru ne marasa ma'ana, waɗanda ake ajiye hoton wani ɗan dodo kusa da kowace domin yaro ya ɗauka sunansa ne. Ana son yaro ya sami 32. Hikimar ƙirƙirarrun kalmomin ita ce babu yadda za a yi yaro ya haddace su, dole ya warware su harafi bayan harafi. Gwajin bai hau kan yaran da ke karatu a gida ba, amma takardun shekarun baya suna nan a intanet, sai muka sauko da ɗaya. Kalmomin gaske ta wuce su kamar ruwa. Da ta zo kan na dodanni kuwa, duk wadda ta yi kama da kalmar da ta sani sai ta mayar da ita waccan, ta kuma ɗago kai tana jiran yabo. Washegari na zauna kusa da ita tana karanta labari, na ji ta ce house inda aka rubuta horse, ba ta ko tsaya ba duk da cewa yaron cikin labarin hawa ya yi ya yi sukuwa. Da mahaifiyarta ta yi mata shifta, sai ta rubuta sed a maimakon said, ta rubuta rane a maimakon rain.

Kuskuren da muka fara yi, wanda na ga iyaye da dama a cikinmu sun yi, shi ne sayen cikakken akwati na wata manhaja da aka tsara don yaron da bai san ko harafi ɗaya ba, muka kuma fara daga shafin farko. Mako biyu aka yi ana nuna wa yarinyar da ke karanta labari mai babi-babi yadda ake furta sautin s, har ta fara ɓoye littafin a ƙarƙashin kujera. Laifin ba na manhajar ba ne, namu ne da muka ɗinka mata rigar da ta yi mata kaɗan.

Manhajojin da suka yi suna a nan kusan duk hanya ɗaya suke bi, musamman tun bayan rahoton da Jim Rose ya miƙa wa gwamnati a 2006, wanda ya ba da shawarar a koyar da sautuka bi da bi, a kuma koya wa yaro haɗa su su zama kalma. Jolly Phonics, wadda na san ta shiga makarantun firamare da dama a Najeriya, tana koyar da sautuka 42, tana farawa da s, a, t, i, p, n, kowane da waƙarsa da motsin hannunsa. Read Write Inc ta Ruth Miskin tana yawa a makarantun nan. Akwai kuma Letters and Sounds da gwamnati ta fitar a 2007 mai matakai shida, inda mataki na biyar ya tattara hanyoyi dabam-dabam na rubuta sauti ɗaya, na shida kuma ya karkata ga ƙa'idojin rubutu. A ganina, ga yaron da ya riga ya iya karatu, sunan manhaja ba shi ne abin dubawa ba. Abin tambaya shi ne ko tana da gwajin da zai nuna matakin da ya kamata yaro ya shiga, ko tana barin a tsallake abin da ya riga ya sani ba tare da darussan gaba sun rikice ba, da kuma ko tana sa shi ya rubuta abin da ya ji. Wannan na ƙarshe na fi ba shi muhimmanci, domin mai karatu yana iya yin kame-kame ya dace, amma mai rubutu ba shi da hoton da zai leƙa. Littattafan nan ƙanana da aka taƙaita kalmominsu ga sautukan da aka koya, waɗanda su ne suka fi cin kuɗi a cikin akwatin, kaɗan daga cikinsu suka ishe irin wannan yaro, kuma ba a ƙwace masa littattafan da yake so saboda su.

Akwai wani abu da ya shafi 'ya'yanmu kaɗai, wanda babu manhajar da ta tanadar masa. Da 'yarka ta koyi ƙa'idar e ta ƙarshen kalma, wadda ba a furta ta amma take sauya wasalin da ya gabace ta, sai ta ɗauko ta ta shigo da ita Hausa. Na rubuta mata mace, ta karanta meis. Na rubuta sake, ta ce seik. Dole muka raba lokacin karatun Hausa da na Turanci, muka kuma gaya mata a fili cewa a Hausa kowane harafi yana magana, kuma c ɗinmu ba irin nasu ba ne.

Yanzu dai mun tsaya a kan darasi na minti goma zuwa goma sha biyar kowace safiya, daga matakin da ake koyar da hanyoyin rubuta sauti ɗaya, a rufe da shifta ta jimla biyu. Sauran lokacin karatu nata ne, ta ɗauki littafin da ta ga dama, sai dai idan ta zo kan doguwar kalma na hana ta tsallakewa, nakan rufe rabinta da yatsa ta bi ta gaɓa-gaɓa. Idan kun sake yin waya, ka rubuta mata wata kalma da ka ƙirƙira da kanka ka aiko, ka ji yadda za ta yi da ita. A gaishe da mutanen gida.