Kaza da 'Ya'yanta

Hauwa'u 'yata, saƙonki ya iso. Kin ce waya ta gaya miki tauraronki Taurus ne tunda farkon Mayu aka haife ki, kina tambaya ko mu ma mun gaji irin wannan.

Taurarin dai mun san su tun kafin a yi waya. Burujin nan na Taurus, rukunin taurari ne, shi Larabawa ke kira Sauru, wato bijimi. A kafaɗarsa akwai wasu ƙanana cunkushe wuri guda, su ne Kaza da 'Ya'yanta, malamai kuma su ce Surayya. Lafiyayyen ido yakan ƙirga shida, mai kaifin gani bakwai. Ni yanzu sai dai in ga hazo-hazo.

Kakanki, Allah ya jiƙansa, da ita yake auna shekara. Da sanyi, bayan isha'i, tana tsakar ka. In bazara ta yi nisa sai ta riƙa faɗuwa yamma da wuri, har a daina ganinta. To a nan zai ce a kai taki gona, a fito da iri, ruwa ya kusa. Malaman hisabi sun fi shi tsari: sun raba shekara ga taurari 28, kowanne kwana 13, Jabha kaɗai ke da 14, ya tashi kwana 365 cif.

Bayan Kaza akwai wani ja mai haske, Dabaran, idon bijimin ke nan. Larabawa suka ce talaka ne ya nemi auren Surayya ta raina shi, ya koro raƙumansa a matsayin sadaki, har yau yana bin ta bai cim mata ba. Ni wannan ta fi min daɗi a kan ta Girkawa, da suka ce gunkinsu Ziyus ya rikiɗe farin bijimi ya sace budurwa Yuropa ya tsallaka teku da ita.

Amma cewa tauraro ya san halinki ko mijin da za ki aura, wannan duba ne, ki bar shi. Ko ruwan sama, a Hudaibiyya Annabi (SAW) ya ja kunnen masu cewa tauraro kaza ne ya kawo shi. Kakanki bai taɓa cewa Kaza ta ba shi ruwa ba. Lokaci kawai take nuna masa.

In kin zo hutun Disamba ki tuna min, mu fita bayan gari inda babu fitila, ki ƙirga mini su.

Kawunki.