Tambaya da Amsa: Karena ya kwanta ƙarƙashin aduwa ya ƙi tashi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki, ya iyali ya zahi. Ni ɗan Tawa ne, ina koyarwa a lakwal, kuma duk ran lahadi nikan hita bayan gari in taka ƙasa saboda likita ya ce in rage zama. Ina da kare guda irin dogayen nan na Buzaye masu siririn ciki, wani abokina ya kawo min shi daga wajen Abalak tun shina kwikwiyo, yanzu shekararshi biyu kuma duk inda na sa ƙahwa shina biye. Lahadin da ta wuce munka hita wajen ƙarhe tara munka bi hanyar Keita munka ratse cikin duwatsu da bido guda na lita ɗaya da rabi, a komowa wajen sha biyu da rabi sai ya shige ƙarƙashin wata aduwa ya kwanta ya ƙi tashi, harshe waje, yawu na zuba kamar igiya, in na kira shi wutsiya kawai shike kaɗawa. Sai da na samu mai amalanke ya ɗauko muna shi. A gida na ga fatar tahin ƙahwarshi ta baya ta saluɓe wuri biyu. Yanzu dai ya warware shina cin abinci. Abokaina sun ce sangarta shi na yi, wai karen hamada bai jin rana. To Malam ina son cikin watan Mayu mu yi doguwar tahiya ta kilomita 15 ni da shi, don Allah mi ya kamata in yi?

Mai karatu daga Tawa

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai ka gode wa Allah, in kuma ka sake gamuwa da mai amalanken nan ka ƙara yi masa godiya, don abin da ka kwatanta min ba sangarta ba ce, karenka bakin mutuwa ya je ya dawo.

Abokanka sun faɗi rabin gaskiya. Irin karen nan da Turawa ke kira azawak, sunan kwarin Azawagh na nan arewa da ku ya ɗauko, kuma lalle jikinsa na ƙasar zafi ne, gashi gajere, ba kitse, ƙafafu dogaye. Amma ka je zangon Buzaye da tsakar rana cikin bazara ka duba inda karnukansu suke, za ka same su a kwance jikin tanti ko sun tona rami a inuwa sun manna ciki da ƙasa mai sanyi, ba wanda ke yawo. Ba ƙarfin hali ya raya su a dajin nan ba, sanin lokacin kwanciya ne. Naka kuma da ya tashi cikin gida a gari kai ne agogonsa, in ka tashi ya tashi, in ka ci gaba ya ci gaba, ba zai tsaya ya ce maka ya gaji ba sai ƙafa ta ƙi ɗaukarsa.

Kai in zafi ya dame ka zufa ke karyo maka ko ta ina, iska ta busa ka ji sanyi. Kare ba shi da wannan, ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne kuma bai taka kara ya karya ba, haki ne kaɗai fankarsa, yana fitar da zafi ta harshe da maƙogwaro. Zafin jikinsa na lafiya dama ya fi namu, digiri 38 zuwa 39 ne, to in iskar da yake shaƙa ta kai 43 ko 44 kamar yadda Tawa ke yi a Afrilu da Mayu ka ga yana jawo iskar da ta fi jikinsa zafi kenan, ga shi hakin kansa aiki ne mai ƙara zafi. Da jikin ya haura 41 sai ɓarna ta fara daga ciki, ƙoda, hanta, hanji, ƙwaƙwalwa. Sannan ka tuna kanka yana sama inda iska ke kaɗawa, shi kuwa cikinsa da hancinsa suna kusa da ƙasa inda turirin yashi da dutse ke tasowa, kuna tafiya hanya ɗaya amma ranar da ke dukansa ba ita ke dukanka ba.

Wannan ba a takarda kawai na san shi ba. Ina yaro na bi kawuna farauta cikin bazara da wani baƙin karensa da muke kira Duna, zomo ya tashi wajen walaha karen ya bi shi da gudu har sau biyu, ya dawo yana haki harshensa ya yi faɗi ya yi jawur yana lilo gefen baki, muka ci gaba da tafiya don ba mu ɗauke shi komai ba. Can na waiga na ga ƙafafunsa na baya suna harɗewa kamar na ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, amma wallahi yana ta ƙoƙarin cim mana. Kawu ya saɓa shi a wuya har gida, da dare ya sha ruwa ya ɗaga kai muka ce ya tashi, kwana biyu bayan nan ya mutu. Har yau in na tuna waigen nan raina ɓaci yake, don da mun zauna inuwa tun dawowarsa ta farko muka zuba masa ruwan gorarmu da wataƙila ya rayu. Shi ya sa ma nake roƙonka ko da naka ya warware ka kai shi wurin likitan dabbobi a duba shi, musamman in ka ga fitsarinsa ya yi duhu ko ya ragu, ko yana amai, ko zawo da jini, don ɓarnar zafi takan ɓuya ta fito daga baya.

Yanzu maganar tafiyar Mayu. In shawarata kake so tsakani da Allah, ka ɗaga ta zuwa Disamba ko Janairu lokacin hunturu, duwatsun Adar ba inda za su, a lokacin kilomita 15 wasa ce gare shi. Kuma ko wace tafiya ce sai tafin ƙafar nan ya warke sarai tukuna, zai iya ɗaukar sati biyu zuwa uku, ka dinga wanke masa da ruwa mai tsabta ka hana shi lasa da taka ƙasa mai zafi. In ya warke kuma ba ka son fasa fitar lahadi cikin bazara to ka canza lokaci. Ka sallame asuba ka kama hanya, a Mayu rana na fitowa ne shida da ƴan mintoci, ƙarfe takwas da rabi ta same ku kun shigo gari. Ƙarfe taran da ka fita ran nan lokacin dawowa ne. Ka fara da kilomita huɗu ko biyar ka dinga ƙarawa kaɗan-kaɗan. Da yamma kuma kada sanyin ido ya ruɗe ka, dutse da gudron suna riƙe zafi har bayan la'asar.

Ƙasa kuwa ga gwajin da ba ya son kuɗi, ka ɗora bayan hannunka a kan yashin ko dutsen ka ƙirga bakwai a hankali, in ka kasa jurewa to shi ma ƙafarsa ba ta iyawa. Yashi da baƙin dutse a rana tsaka suna wuce digiri 60, kai kana cikin takalmi shi yana tafe ƙafa tsirara. Duk inda kuka huta ka ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya ka buɗa tsakanin yatsu, karangiya da tsidau can suke maƙalewa, kuma kare mai ɗingishi ya fi saurin galabaita.

Ruwa, lita ɗaya da rabi ku biyu ai ko kai kaɗai bai ishe ka ba. Kare mai kilo 20 yana shan wajen lita ɗaya ko fiye a wuni yana kwance a gida, in yana tafiya cikin zafi sai ka ninka. Ka ɗaukar masa nasa bido daban, lita biyu a ƙalla, da ɗan kwano, rabi na sha rabi na zubawa a jiki, ka dinga ba shi kaɗan duk bayan minti 15 ko 20 kada ka jira sai ya nema. In ruwan ya kai rabi ku juyo gida ko da ba ku kai inda ka yi niyya ba. Ka sa masa igiya, gudu ɗaya bayan zomo ko kurege ya fi tafiyar awa guda ƙona shi, ga kuma kububuwa da kunama da ke fakewa ƙarƙashin duwatsu da gindin sabara inda yake son cusa hanci. Tun kana tafiya ka dinga lura da inda inuwa take, gawo abokin tafiyar rani ne tunda shi da rani yake ganye.

In ka ga ya fara ja baya, ko yana gudu daga inuwa zuwa inuwa, harshe ya yi tsawo da faɗi, yawu ya yi kauri, dasashi ya yi ja sosai, to a nan take ka tsaya, kada ka ce bari mu kai wancan icen. Ka kai shi inuwa, ka share ƙasar sama mai zafi da ƙafarka ya kwanta kan ta ƙasa, ka zuba masa ruwa a ciki da hammata da matsematsi da wuya, ka cire rigarka ka yi ta yi masa fifita. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane, riƙe zafin yake. In yana iya lasar ruwa da kansa ka ba shi, in ba ya iyawa kada ka ɗura masa sai ya shaƙe. A fara sanyaya shi tukuna sannan a nemi abin hawa. Kuma don Allah ban da parasitamol da ibuprofen, wannan ba zazzaɓi ba ne kuma magungunan nan namu na iya kashe kare.

Kai ma ka kula da kanka ƙanena, hula ko rawani, waya da caji, ka gaya wa mutanen gida hanyar da ka bi da lokacin da za su sa ran ganinka, ka kuma tambayi halin da dajin ke ciki kafin ka yi nisa. Allah ya ba shi lafiya.

TAMBAYA

Salam Malam. Ni daga Yamai nike, maigidana na da karen Turawa irin na ƴan sanda mai gashi da yawa, yakan ƙetara gadar Kennedy da shi su hau tudun Harobanda. In aske masa gashin ne saboda zahi? Kuma gaskiya ne ruwan ƙanƙara na kashe kare in ya galabaita?

Wata uwargida daga Yamai

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada a yi masa ƙwal-kwabo, gashin saman yana kare fatarsa daga rana, abin da yake so shi ne a dinga taje shi kullum ana fitar da mataccen gashin ƙasa, za ki sha mamakin tulin da zai fita. Amma ki gaya wa maigida wannan karen asalinsa na Jamus ne, juriyarsa ba ta kai ta namu na gida ba, daga Maris har ruwa ya sauka su taƙaita da sassafe kawai, kuma kada a bar shi cikin mota a rufe ko na minti biyar. Ruwan sanyi kuwa ba ya kashe shi, jinkiri ke kashewa, duk ruwan da ke kusa a zuba masa, na randa, na firiji, ko ledar piya wata a fasa a kan cikinsa, in hakin ya fara lafawa a dakata a kai shi likita. In ya tsufa ko ya suma to a yayyafa a yi fifita, a kula kada ruwa ya shiga hancinsa.