Injiniyana ya ƙi a rage rodi, ya kuma ƙi ƙarin hawa: taurin kai ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina gina bene mai hawa ɗaya a Rigasa, ƙasa shaguna, sama gidajen haya. Ganin yadda rodi ya yi tsada, sai na ce wa injiniyan da ke duba aikin a sa mai milimita 12 a ginshiƙai maimakon 16 da ke cikin zane, kuma a ƙara hawa ɗaya. Ya ƙi, har ya ce zai janye hannunsa. Birkila ya ce yana da wanda zai buga mana hatimi a sabon zane da ɗan kuɗi kaɗan. Ni ke biyansa, fili nawa ne. Yana da hurumin ƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Yana da hurumi, kuma da ya amince da zai saɓa ƙa'idar aikinsa.

Gaskiya ne kai ke biyansa, kuma kana da haƙƙi a kansa: ya riƙe maka sirri, ya kula da dukiyarka, ya faɗa maka gaskiya. Amma ƙa'idojin sana'ar injiniya da ta masu zanen gini sun ɗora tsaron rayukan jama'a sama da son ran mai aiki. Dubi waɗanda za su zauna a benen nan: mai shagon ƙasa, masu haya da 'ya'yansu, mai wucewa da ya raɓe a baranda saboda ruwan sama. Babu ɗayansu da aka yi shawara da shi kan kaurin rodi. Injiniyan ne wakilinsu a wurin, shi ya sa doka ta sa shi ƙarƙashin hukuma. COREN, da aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, ARCON kuma tun 1969 take kula da masu zanen gini. Dukansu suna da ikon ladabtar da wanda ya ci amanar aiki, har su soke rajistarsa.

Batun rodi, bambancin 16 da 12 ya fi yadda ido ke gani. Ana lissafin ƙarfinsa ne da faɗin fuskarsa idan an yanka shi. Mai 16 yana da kusan murabba'in milimita 200, mai 12 kuma kusan 113. Wato idan ka musanya su ɗaya da ɗaya, ka zare sama da kashi 40 cikin 100 na ƙarfen ginshiƙin. Sannan a kan wannan ginshiƙi da ka raunana kake son ɗora wani hawa, da dekinsa da bulonsa da tankin ruwa da mutane. Fandishon da ke ƙasa kuwa an lissafa shi ne da nauyin hawa ɗaya. Abin da ke yaudarar mutane shi ne gini ba ya faɗuwa ranar da aka cuce shi. Zai tsaya, a yi filasta, a yi fenti, har a tare. Sai damina ta jiƙa ƙasa ta sassauta, a fara ganin tsaga a kusurwa.

Janye hannun da ya ambata ma yana cikin aikinsa. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum sama da 40 har da mai ginin, injiniyoyin da suka fara lissafinsa sun rubuta takardar janyewa tun a 2020, suna cewa ba za su iya lamunin ingancinsa ba. Aka ci gaba da aiki ba su.

Mai hatimin haya shi ne ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka. Hatimi shaida ce: mai shi yana cewa na yi lissafin nan ko na duba shi, na ɗauki alhakinsa. Wanda zai buga shi a kan zanen da bai lissafa ba, a filin da bai taka ba, shaidar zur ya sayar maka. Wani lokaci ma hatimin ba nasa ba ne. Kuma izinin da KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, ta ba ka na zanen farko ne. Ƙarin hawa yana buƙatar sabon izini, in ba haka ba za a iya dakatar da aikin ko a rushe abin da aka ƙara.

Ba na cewa duk abin da injiniya ya faɗa daidai ne. Akwai masu cika rodi fiye da kima don gudun wahalar lissafi, akwai kuma masu karɓar la'ada a ɓoye wajen dillalin ƙarfe, wanda shi ma cin amana ne. Don haka ka nemi lambar rajistarsa ka tabbatar a wajen COREN, ka ce ya ba ka dalilinsa a rubuce. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kai zanen da lissafin wajen wani injiniyan gine-gine mai rajista ya duba, da sanin na farkon.

In dai hawa na biyun ne burinka, ka zauna da shi ya duba ko fandishon zai karɓi ƙarfafawa, a gwada ƙasa, a sake lissafi, a koma KASUPDA. In kuma kuɗi ne suka yi kaɗan, a rage a tayil, silin da fenti, ko a zuba dekin a dakata sai hali ya samu. Kankaren ma a bar shi ya sha ruwa, kada a yi gaggawar cire katakon da ke tallafe da shi, don sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa.