Ƙanwata, kafin Baba ya ba wa mai hanyar nan ko sisi

Assalamu alaikum ƙanwata. Na karanta tambayarki a dandalin nan namu, inda kika ce kin samu maki 268 a JAMB ta bana, kin nemi likitanci a ABU Zariya kamar yadda kika nema bara, amma shafin CAPS, inda JAMB ke nuna wa ɗalibi gurbin da aka ba shi, ya nuna an mayar da ke sashen nazarin ƙananan halittu, kuma kina son a gaya miki ko ki karɓa, ko ki sauya zuwa KASU, jami'ar jiharmu ta Kaduna, ko ki sake jiran baɗi. Kin kuma tambayi wadda ta fi daraja tsakanin ABU da BUK da Ibadan. Duk waɗannan zan taɓa su gwargwadon sanina, amma layin da ya hana ni wucewa shi ne na ƙarshe, wanda kika rubuta kamar ba komai ba, cewa wani ya ce wa Babanku yana da hanya idan za a nemo kuɗi.

Ina roƙonki da girman Allah ki hana wannan magana tafiya. Ni ma likitanci na nema a wata babbar jami'ar tarayya, ba sai na kama suna ba, makina kuma bai yi nisa da naki ba. Da jerin sunaye ya fito babu ni, sai wani abokin Kawuna ya zo har gidanmu a Tudun Wada, da babbar riga da jakar takardu, ya zauna a zaure ya ce wa Baba ai kowace shekara manya suna da kasonsu na gurabe, kuma shi ta hannunsa ake rabawa. Umma ce ta kwashe adashenta, Baba ya sayar da babur ɗin da yake zuwa aiki da shi, aka haɗa aka ba shi. Bayan ɗan lokaci ya kawo takardar admishan a cikin ambulan, da tambarin jami'a da hatimi da sa hannu, sunana kuma an rubuta shi daidai har da lambar jarrabawata. Unguwa ta ɗauka. Mata suka riƙa shigowa da sabulu da garin kwaki da sukari, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ba ni zani ta ce in tuna da ciwon ƙafarta idan na zama likita, yara kuwa tun daga ranar suka daina kiran sunana sai Dakta.

Ranar rajista na tafi da Yayana, da akwati da katifa da bokiti. Na bi layi har na isa gaban ma'aikacin da ke tantance takardu, ya karɓi takardar ya duba, ya buga lambata a kwamfuta, ya sake bugawa, sannan ya juyo da fuskar kwamfutar wajena ya ce, "Malama, wa ya ba ki wannan?" Bai yi mini tsawa ba, kuma da ya yi tsawar da ta fi mini sauƙi a kan tausayin da na gani a idonsa, ga ɗalibai a bayana suna leƙe. Ya ce in gode wa Allah bai kira jami'an tsaro ba, domin takardar jabu laifi ce a kan wanda aka same ta a hannunsa. Yayana ya kira mutumin, waya a kashe. Da muka sauka a tashar Kawo rana ba ta faɗi ba, sai muka zauna a kan katifar nan a gefen masu shayi har bayan sallar isha'i, don kada mu shiga unguwa da kaya ido na ganin ido. Daga baya aka gano mutumin bai taɓa aiki a jami'ar ba, kuma ba mu kaɗai ya yi wa haka ba. Har yau yana yawonsa a garin nan, ya yi ƙiba, ana ba shi wuri a sahun gaba a wajen ɗaurin aure, kuma da Baba ya so kai ƙara sai dangi suka taru suka ce a bar wa Allah saboda zumuncin Kawu. Baba ya bar wa Allah, ya koma hawa motar haya zuwa aiki har ya yi ritaya. Sunan Dakta kuwa ya bi ni shekaru, wasu da wasa, wasu da gangan.

A wancan lokacin babu CAPS. Tun da JAMB ta kawo shi a 2017, duk gurbin da bai bayyana a wannan shafi ba, ba gurbi ba ne, ko da kuwa takardar da aka ba ki ta fi ta kowa ƙyalli, kuma wanda sunansa ba ya cikin kundin JAMB yakan gamu da cikas a ranar da zai tafi hidimar ƙasa. Ki buɗe shafin a gaban Baba ki nuna masa da idonsa.

Abin da ya hana ki likitanci lissafi ne, ba rashin uwa a gindin murhu ba. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi kowa maki daga ko'ina a ƙasar nan, kashi 35 na 'yan yankin da jami'ar ke ciki, kashi 20 na jihohin da aka ce an bar su a baya a ilimin boko. Bayan wannan kuma hukumar MDCN mai kula da aikin likita ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Kamar motar Zariya ce, idan kujeru sun cika, kuɗin motarki da sammakonki ba za su ƙara mata kujera ba. To ABU kuwa kusan duk Arewa na ɗaukarta tasu ce, daga Sakkwato har Yola har Ilori kowa ita yake fara rubutawa, saboda haka 268 ɗinki yana karawa ne da makin zakarun jihohi da dama. Kada ki raina shi. A sakamakon farko na 2025, cikin mutum kusan miliyan 2 da suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba. Ke kina cikin 'yan ƙalilan na sama, sai dai kwas ɗin da kika nema na 'yan ƙalilan ɗin cikin 'yan ƙalilan ne. Ba ki faɗa mana abin da kika samu a jarrabawar tantancewar jami'ar ba, ita ma tana da nata nauyin a lissafin.

Batun daraja, ba zan yi miki ƙarya in ce suna ba ya aiki ba. An kafa ABU a 1962 da sunan Sardauna, kuma a Kaduna da wuya ki shiga ma'aikata ko asibiti ba ki tarar da tsohon ɗalibinta a kan kujera ba. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa can ya yi, haka Namadi Sambo da Nasiru El-Rufa'i da Sanusi Lamido Sanusi. Wannan zumunci na tsofaffin ɗalibai yana buɗe ƙofa, na gani da idona a wajen neman aiki. Ibadan ta girme ta, tun 1948 take, kuma asibitin koyarwarta ya yi suna a harkar likitanci tun kafin a samu 'yancin kai. BUK ƙanwarsu ce, daga jikin ABU ta fito a shekarun 1970, amma a yau wanda ya yi horo a Asibitin Malam Aminu Kano ba ya sunkuyar da kai a gaban wanda ya yi a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika. Idan kina tunanin Ibadan ne, ki sani can ba ki da kason 'yan yanki, kuma masu neman likitanci a can ba su da wasa.

Jerin da ake yaɗawa na jami'ar da ta fi kowace, ni na daina ba shi muhimmanci. A jerin Times Higher Education wasu shekarun Ibadan ce a gaba a Najeriya, wasu shekarun kuma Covenant, jami'a mai zaman kanta da ke Ota wadda sai 2002 aka buɗe ta. Abin da suka fi aunawa shi ne binciken da malamai suka wallafa da yawan masu kafa hujja da shi, ba ko ɗalibar aji biyu za ta samu madubin duba ƙwayoyin cuta ita kaɗai ko su goma za su yi layi a kan guda ba. Darajar da za ta amfane ki tana cikin sashe, wato ko NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta amince da kwas ɗin, ko hukumar sana'ar ta amince, su waye malaman, sannan wane mataki kika fita da shi. Lasisin da MDCN ke bai wa likitan da ya gama KASU ya yi horo a asibitin Barau Dikko shi ne dai wanda take bai wa na ABU. KASU ta 2004 ce, ba ta da tsofaffin gwamnoni a cikin ɗalibanta, amma ke 'yar jiha ce, kuma daga gidanku za ki iya zuwa aji ki dawo ki ci tuwon Umma. Sai dai ita ma gurabenta na likitanci ƙayyadaddu ne, kada ki ɗauka sauya suna kawai zai wadatar, ki fara tambaya ko ba su rufe karɓar masu sauyi ba.

Masu ce miki ki jira baɗi, ki tambaye su ko sun taɓa zaman jira. Makin JAMB na shekara ɗaya ne, baɗi daga sifili za ki fara, kuma babu wanda ya yi miki alkawarin za ki wuce 268. Ki haɗa da yajin aiki: a 2022 ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta rufe jami'o'in gwamnati wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ga likitanci kansa shekara 6 ne kafin horon asibiti da hidimar ƙasa. Mu mata kuma kin san abin da zaman gida ke jawowa, kowace gwaggo da ta shigo sai ta kawo sunan wani. Ni bayan abin da ya faru na yi zaman da ba na so in tuna, kafin na karɓi ilimin gwaje-gwajen asibiti a wata jami'ar jiha, kwas ɗin da a da nake ganin ya yi mini kaɗan. Da shi nake ci nake sha a garin nan, kuma likita ba ya rubuta wa mai zazzaɓi magani da natsuwa sai ya ga takardar da ta fito daga ɗakinmu. Duk da haka, idan na ga yarinya da farar riga da abin sauraren ƙirji a wuya, wani abu yakan motsa mini, ba zan ɓoye miki ba.

Idan zuciyarki ta kafe a kan likitanci, akwai hanyoyin da ba na ɓarayi ba. Akwai IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a wadda ABU ce ke kula da ita, ana yin ta a makarantar share fage ta Funtuwa da wasu wurare, mai sakamako mai kyau yana neman shiga aji biyu kai tsaye, ko da yake guraben likitanci ta nan ma kaɗan ne ƙwarai. Akwai kuma jami'o'in da ke karɓar wanda ya gama digirin kimiyya da sakamako mai daraja ya shiga likitanci daga aji biyu. Abin da ba na so ki dogara da shi shi ne zancen nan na "ki shiga kawai, bayan aji ɗaya sai ki sauya sashe". Ana faɗar sa a kowace shekara, waɗanda suka dace da shi kuwa ba su da yawa. Idan za ki karɓi ƙananan halittu, ki karɓe shi da niyyar yin sa da gaske, domin digiri mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba shi ne abin da masu tallafin Commonwealth da Chevening da PTDF ke fara dubawa, kuma ta nan 'ya'yan talakawa da dama suka ga Ingila. Wani a dandalin nan ya kawo zancen manyan jami'o'in waje, Harvard da Oxford. Harvard ba ta ɗaukar ko mutum 5 cikin 100 na masu nemanta a digirin farko, ga mafi yawanmu ƙofar irin waɗannan wurare a digiri na biyu take, kuma a can matakin da kika fita da shi da wasiƙun malamanki sun fi sunan garin da kika yi karatu nauyi.

Kafin ki danna karɓa ko ƙi a CAPS, ki sani idan kin karɓa kin rufe wa kanki sauran ƙofofi na bana, saboda haka ki yi istihara, ki zauna da Baba da Umma. Ki kuma duba da kanki ko an ɗora sakamakonki na WAEC ko NECO a shafin, kada ki yarda da cewar mai shagon kwamfuta cewa ya ɗora, domin ɗalibai da yawa sun rasa gurbi a kan wannan kaɗai ba tare da sun sani ba. Idan kuɗin makaranta ne damuwar, akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, akwai kuma hukumar tallafin karatu ta jiha. Ki turo mana makin tantancewarki da kiredit ɗinki na Ingilishi da lissafi da fizis da kemistiri da bayoloji, akwai malaman jami'a a cikinmu da za su duba miki. Mai hanyar nan kuma, idan ya sake zuwa gidanku, Baba ya ce masa ya fara sa sunanki ya fito a CAPS tukuna.